Idi Biyu A Gari Ɗaya

A shekarar 2002 an yi idin Babbar Salla kashi biyu a Yendi. Ba saɓanin ganin wata ya kawo haka ba. Gidan Abudu da gidan Andani ne ke jayayya a kan sarautar Dagwamba, sai kowane ɓangare ya tsai da nasa idin. Bayan 'yan makonni gardama ta koma kan bikin Bugum, ran 27 ga Maris aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu tare da mutane da dama. Sai a 2019 aka naɗa sabon Ya Na.

Mun tuno da wannan ne saboda wa'azin da wasu samarinmu masu tsattsauran ra'ayi ke yi a zango, wai addini da mulki abu ɗaya ne, don haka a kafa jam'iyyar Musulmi zalla. To, iyayenmu sun riga sun gwada. A zaɓen 1954 Muslim Association Party ta tsaya, ta sami kujera ɗaya tak cikin 104. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba, da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya, ta kuma haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Tsarin mulkin 1992 ya sake jaddada haramcin a sashe na 55.

Wasu na ganin an tauye mu. Mu dai a ganinmu wannan sashe garkuwa ce ga 'yan tsiraru. In aka ce mai rinjaye ya mulki ƙasa da addininsa, Kiristoci suka fi yawa a Gana, ba mu ba.

A dubi Bawku. A 1958 gwamnati ta ba Kusasi sarauta, a 1966 soja suka mayar wa Mamprusi, a 1983 aka sake juyawa. Haka limanci zai zama ranar da ya shiga hannun jam'iyya.

Salaga ma shaida ce. Yaƙin gadon sarautar Kpembe a 1892 ba na fatake da malamai ba ne, amma su aka watse da su, kasuwar goro ta mutu, malami irin Alhaji Umaru ya ƙarasa rayuwarsa a Kete-Krachi.

Shi ya sa in zaɓe ya ƙarato, ɗan takara ya turo shinkafa da buhunan siminti masallacin unguwa, ya kamata kwamitin masallaci su zauna tukuna su tambayi wanda ya kawo saƙon: ran Juma'a, me ake so liman ya faɗa a kan mumbari?