Kalmar "Stout" Da Yadda A Ke Fassara Ta

A cikin kalmomin da Ingilishi su ke siffanta jikin mutum da su akwai wata wai ita "stout". Gajeriya ce, amma ta kan ba masu fassara wahala ƙwarai, don ma'anarta ba ɗaya ba ce.

Daga tsohon harshen Faransa ta shigo Turanci, wajen shekara ta 1300. A zamanin nan zuciya a ke nufi da ita. In an ce da mutum "stout", watau jarumi ne, wanda ba ya ba da baya ran yaƙi. Har yau wannan ma'ana ba ta ɓace ba, don in Bature ya ce wane yana da "stout heart", ƙarfin zuciya ya ke nufi.

Daga nan sai kalmar ta koma kan jiki, aka riƙa kiran ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji da ita. Ta kuma bi kaya. Sanda mai gwaɓi, da takalmi mai ƙwari, da igiyar da ba ta tsinkewa, duk "stout" ne. Ta haka baƙar giyar nan irin ta Guinness ta sami sunanta, gama da fari giya mai ƙarfi a ke kira haka.

To, wajen shekara ta 1800 sai wata ma'ana ta ɓullo. Mutanen Ingila suna jin nauyin su ce da mutum mai ƙiba ne ƙiri-ƙiri, sai suka ari "stout" don su sakaya magana. Yanzu in an ce da dattijo ko dattijuwa "stout", yawanci ƙiba a ke nufi.

Saboda haka tilas mai koyon Hausa ya duba abin da ke gaba da kalmar da abin da ke bayanta kafin ya fassara. In soja ne a fagen fama, sai ya ce jarumi. In ɗan dako ne ko maƙeri, sai ya ce ƙaƙƙarfa, ko kakkaura. In attajiri ne da ya ajiye tumbi, sai ya ce mai ƙiba, ko mai jiki in yana so ya sakaya. Kada ya ce ƙato, don wannan ta kan zo da raini.

Akwai kuma wani abin lura. Bahaushe in ya daɗe bai ga abokinsa ba, ya kan ce, "Kai, ka yi ƙiba!" Yabo ne, watau ya ga alamar lafiya da wadata. Amma wanda ya ce da matar maƙwabcinsa a London ta zama "stout", yana tsammani yabonta ya yi, to, da wuya a sake kiransa shan shayi a gidan nan.