Jigawa, Geza da Fadama: Sanin Ƙasa Shi Ne Rabin Maganin Bisashe

Ƴan'uwa makiyaya, ana iya raba ƙasa gida uku: tudu, wurin da ruwa ke kwanciya, da bakin teku inda ruwa ke hawa yana sauka kullum. Na ukun babu shi a Nijar, sai a wurare irin su Neja Delta a kudancin Nijeriya. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne bakin gulbi, inda ruwa ke malala da damina ya janye da kaka. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987, ita ma tana jera wuraren ruwa iri-iri domin a kiyaye su.

A zagayen da nake yi wurin ƙungiyoyin makiyaya daga Gangara zuwa Gazawa, Agye da Gidan Rumji, na tarar mutanenmu suna da nasu rabon tun kaka da kakanni. Abin da nake so mu ƙara a kai shi ne cutar da kowace ƙasa ke ɗauke da ita.

Jigawa ita ce ƙasar rairayi, ba ta riƙe ruwa. Nan ƙarangiya da komayya ke fitowa, ga sabara, ga gawo mai ba da ganye da ƴaƴa da rani. Ita ce makwanci mafi lafiya da damina, domin kofato na zama a bushe. Matsalarta yau garmani ne, wanda ya cika burtali da makiyaya da yawa a jihar Maraɗi, ya kori ciyawar kirki.

Geza ƙasa ce mai tauri. Ruwa na gudu a kanta ya taru a ƙananan tabkuna. Tabkin na kashe ƙishirwa, amma a nan sauro ke haihuwa, kuma sauro ne ke yaɗa zazzaɓin Rift Valley da ya auka wa yankin Cintabaraden a jihar Tawa a 2016. Idan awaki da tumaki suka fara ɓari da yawa lokaci ɗaya, kada a taɓa abin da aka zubar da hannu tsirara, a kira likitan dabbobi.

Fadama kuwa ita ce rumbun rani. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Gazawa, mai yawan goriba, da Gulbin Maraɗi da ke bi ta Gidan Rumji, su ke riƙe ɗanyar ciyawa bayan tudu ya bushe. Amma inda ruwa ya daɗe kwance akwai ƙananan katantanwa, kuma a cikinsu tsutsar hanta ke girma. Ƙwanta na fita ta kashin dabba ya shiga ruwa, ƴar tsutsar ta ratsa katantanwa, ta fito ta manne a ciyawa, saniya ta ci. Bayan watanni sai a ga ramewa, nono ya ragu, ƙasan haɓa ya kumbura, cikin ido ya yi fari. Mahauta sun san irin wannan hantar da ake zubarwa.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi kafin damina. A zauna da dattawa da mata masu kiwon awaki, a zana taswirar gari ko da a ƙasa ne, a nuna jigawa, geza, fadama, kowane tabki da watan da yake ƙafewa. A kwana da garke a tudu da damina. A fi shayarwa a rijiya bisa ga tabkin da ya tsufa. Bisashen da suka yi kiwo a fadama a nemi likita ya ba su maganin tsutsar hanta, ya kuma faɗi lokacin maimaitawa.

Daga nan a kai taswirar wurin kwamitin filaye na gari, wato Kofo, a rubuta ta. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na bin burtali da isa ga ruwa. Fadamar da ba a rubuta hanyarta ba, wata rana za a wayi gari gona ta toshe ta, garke kuma ya koma shan duk ruwan da ya samu.