Rigakafin Kwalara: Wa Ke Yinsa, Wa Ke Biya?

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi muku bayanin wani magani wanda da yawa daga cikinmu mun sha, amma ba mu san inda ya fito ba, balle wanda ya biya kuɗinsa. Watau maganin rigakafin kwalara, wanda ake ɗiga wa mutane a baki kyauta. A unguwarmu Moduganari, da sauran unguwannin Maiduguri, mutane suna tsammani duk ran da ciwon ya ɓulla za a kawo shi. To, al'amarin ba haka yake ba, kuma ya kamata malami ya san dalili, gama shi iyayen yara za su tambaya.

Da fari dai, mene ne kwalara? Ciwo ne na hanji, wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, ƙanƙanuwa ƙwarai, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana fitowa cikin bayan gidan mai ciwon, ta shiga ruwan sha ko abinci. Kadan ta kama mutum sosai, sai ya yi ta amai da zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, har jikinsa ya bushe. In ba a mayar masa da ruwan da ya zubar ba, yana iya mutuwa cikin yini guda. Ciwon ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun daga sa'an nan kuwa ya zama baƙon damina, ya tafi ya komo.

Mu mutanen Barno mun san shi. A watan Agusta na 2017 ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garaj, ya bazu har Dikwa da Monguno. Kafin a ce ya kwanta a watan Disamba, ya kama mutum fiye da 5,000, ya kashe 61. A cikin wannan annoba ne aka fara ba da rigakafin kwalara na sha a Nijeriya duka. An kawo kwalabe fiye da 900,000, aka soma rabawa a watan Satumba, ga kowa da ya kai shekara ɗaya da haihuwa. Ba wanda aka ce ya ba da ko anini.

To, wa ya biya? A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani rumbu na wannan magani, domin duk ƙasar da annoba ta faɗa mata ta ɗiba. Wata ƙungiya da ake kira Gavi, wadda ke zaune a Jeniba, ita ke biyan kuɗin cika rumbun. Ita kuwa tana samun kuɗinta daga gwamnatocin ƙasashe irin su Ingila da Norwe, da kuma gidauniyar Gates. Mabuɗin rumbun yana hannun ƙungiyoyi huɗu: Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da ƙungiyar likitoci ta MSF, da ƙungiyar agaji ta Red Cross. In ciwo ya tashi, gwamnatin ƙasar ce za ta rubuta musu takarda, ta faɗi yawan waɗanda suka kamu da inda suke. Su duba, in sun yarda, sai UNICEF ta ɗauko maganin cikin jirgin sama, a cikin sanyi. Kun ga ke nan taimakon ba mutum ɗaya ake ba a hannu ba. Ba wani ofis da magidanci zai je ya cika takarda a ba shi kuɗin magani. Gari ake ba, ko sansani.

Ga inda wuyar take. Kuɗi ba ya sayen abin da babu shi a kasuwa. Shekaru da yawa masu cika rumbun nan kamfani biyu ne kurum. Ɗaya Shantha, a birnin Haidarabad na Indiya, wanda a lokacin mallakar kamfanin Sanofi na Faransa ne, mai yin maganin da ake kira Shanchol. Ɗayan kuwa EuBiologics na Koriya ta Kudu, mai yin Euvichol. Sai Sanofi ya yanke shawara ya bar yin Shanchol, aka ƙare ba da na ƙarshe a 2023. Maganin bai lalace ba, ba a kuma same shi da wani aibu ba. Sai dai abu ne mai araha, masu bukatarsa talakawa ne, mai sayensa kuwa kusan ɗaya ne tak.

Abin ya zo daidai da lokacin da kwalara ta yi yawa a duniya. A watan Oktoba na 2022, sa'ad da ƙasashe 29 suka ba da labarin ɓullar ciwon, masu riƙe da mabuɗin rumbu suka ce daga yanzu sau ɗaya za a riƙa ba mutum, maimakon sau biyu. Ka'ida ita ce a sha sau biyu, da ratar mako biyu ko fiye a tsakani, ya tsare mutum wajen shekara uku. Sha ɗaya yana tsarewa, amma ƙarfinsa ba ya daɗewa haka, musamman ga ƙananan yara. Duk da wannan tsimi, a farkon 2024 rumbun ya wayi gari fanko. Sai a watan Afrilu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Euvichol-S, wanda ya fi sauƙin yi da yawa. Wata biyar bayan haka, ran 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya ci Maiduguri, ya gauraya masai da rijiyoyi, a watan Oktoba kuma aka ba da sanarwar kwalara a Barno. Ku duba yadda muka yi kusa da shiga bukata a lokacin da babu.

Kada ku ce mu kaɗai wannan ke samu. A Amurka akwai wani magani, Zinplava, na kamfanin Merck, wanda ake ƙara wa mutum ta jijiya don hana wani mugun zawo komowa bayan ya warke. An amince da shi a 2016, aka daina yinsa a watan Janairu na 2025. Ko mai kuɗi, ko wanda ake biya wa, duk ɗaya suka zama.

Saboda haka ga abin da na ga ya wajaba a kanmu. In an zo da rigakafi, mu sha, mu kai yaran makaranta, mu kuma kashe jita-jitar da ke hana iyaye yarda. Amma kada mu jingina da shi, gama kayan aro ba ya rufe katara. Mu koya wa yara su tafasa ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa, ko a sa masa maganin kulorin, a rufe randa, a keɓe mata moɗa guda. Su wanke hannu da sabulu bayan sun fito daga masai, da kuma kafin cin abinci. Kowane yaro ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba mai zawo nan take, ana ba shi ana tafiya asibiti. Yawancin masu kwalara da wannan kaɗai suke tashi, in an fara da wuri.

Wannan darasi kafin damina ake yinsa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.