Abin Da Ke Faruwa A Tumbin Sa

Da na je hutun kaka gida Birnin Gwari, sai na tarar da sanmu na turka kwance, ciki ya kumbura, yana ta zawo, ya daina tuƙa. Ashe da dare ya tsinke igiya ya faɗa wa buhun masara. Kwana biyu aka yanka shi, mahauta suka saye da arha, alhali da kuɗinsa za a yi mini sayayyar komawa makaranta. Kakata ta ce sammu ne. Sai da malaminmu na aikin gona ya yi mana bayani na gane.

Cikin saniya kashi huɗu ne, babbansu shi ne tumbi. A nan akwai waɗansu ƙananan halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ciyawa, saniya ta sami ƙarfi daga abin da suka fitar. Watau in ka ba sa abinci, su ka fara ciyarwa. Ciyawa mai kaushi kamar gamba takan sa shi tuƙa, tuƙa ta kawo yawu mai yawa, yawun kuwa yana kashe tsami kamar yadda kanwa ke yi a miya.

To, hatsi ba ya bukatar tuƙa sosai, ga shi da saurin tsami. In ya yi yawa farat ɗaya, sai tsami ya cika tumbi, ya kashe halittun da ke narkar da ciyawa, tumbin ya tsaya cik. Abin da ya sami sanmu ke nan. Dusa da hatsi kaɗan-kaɗan ake ƙara su, har mako biyu ko uku, tumbi ya saba.

Da rani kuma matsalar daban ce. Busasshiyar ciyawa ba ta da isasshen sinadarin gina jiki, halittun nan sai su raunana, sa ya cika ciki amma yana ramewa. Ɗan harawa ko angurya kan farfaɗo da su.

Tun da ɓarayin shanu suka addabi dajin Kamuku muke ɗaure namu a gida, sai abin da muka zuba musu. Bana Baba ya sayi ɗan maraƙi, ni kuwa na roƙe shi ya mai da buhunan masara cikin rumbu.