Naruto da Sasuke: Inda Gasa Ta Rabu da Hassada

Idan a gidanki akwai yaro mai taɓa waya ko kallon talabijin, da wuya a ce ba ki taɓa jin sunan Naruto ba, ko ki ga ƙaramin ɗanki ya zura da gudu ya miƙe hannuwansa ta baya, ki rasa abin da yake kwaikwayo. Da yawanmu mun ɗauke shi katun ne kawai irin na kyanwa da ɓera, alhali kuwa dogon labari ne mai mafari da ƙarshe, wanda yara ke bi shekara da shekaru har ya zauna musu a rai. Tunda haka ne, ya kamata ki san abin da ke ciki, domin akwai abin da ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na uwa.

Labarin daga ƙasar Japan ya fito. Wani mai zane, Masashi Kishimoto, shi ya fara fitar da shi mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, bai kammala ba sai 2014, bayan babi 700 da aka tara a littattafai 72. An mayar da shi fim ɗin zane, irin wanda suke kira anime, a 2002. Zangon farko kashi 220 ne, ya ƙare a 2007, sai na biyu mai suna Shippuden ya ɗora da kashi 500 har zuwa 2017. Kowane kashi yana cin kimanin minti 23, ke nan yaron da ya kalle su duka ya ba su sama da awa 270 na rayuwarsa. Duk wanda ya samu irin wannan lokaci tare da ɗanki, ai ya zama malaminsa, ko kin ɗauke shi aiki ko ba ki ɗauka ba.

Ginshiƙin labarin yara biyu ne marayu, 'yan aji ɗaya a makarantar koyon yaƙi ta wani gari da ake kira Konoha. Naruto ya rasa uwa da uba a ranar da aka haife shi, ranar da wani dodo mai wutsiya tara ya afka wa garin, aka rasa yadda za a yi da shi sai aka kulle shi a jikin jaririn. Saboda haka mutanen gari suka ƙyamace shi, iyaye suna janye 'ya'yansu idan ya matso, shi kuwa bai san laifinsa ba. Sai ya koma ƙiriniya da neman magana, har fenti ya shafa wa fuskokin shugabannin gari da aka sassaƙa a jikin dutse, don dai a kula shi ko da da faɗa ne. A aji shi ne na ƙarshe, sau uku yana faɗuwa jarrabawar fita.

Sasuke kuwa ɗan babban gida ne, shi ke zuwa na ɗaya, kowa na yabonsa. Sai dai yana ƙarami yayansa Itachi ya hallaka danginsu a dare ɗaya, har da iyayensu, ya bar shi shi kaɗai. Tun daga ranar ba shi da wani buri sai ɗaukar fansa.

Da aka haɗa su rukuni ɗaya suna 'yan shekara 12, gasa ta ƙullu a tsakaninsu, kuma da farko gasar alheri ce. Akwai lokacin da malaminsu Kakashi ya sa su koyon hawa bishiya ba tare da riƙewa da hannu ba. Duk wanda ya ga ɗan'uwansa ya wuce shi sai ya ƙara himma, suka yi ta yi har dare, a ƙarshe duk su biyun suka kai ƙololuwa, suka dawo gida ɗaya na tallafe da ɗaya. Ba a jima ba Sasuke ya tare wa Naruto farmakin abokin gaba da jikinsa, ya kusa rasa ransa. Irin wannan gasa kowace uwa za ta so wa 'ya'yanta, domin kowa ya ƙaru, babu wanda aka tauye.

Matsala ta fara ne ranar da na baya ya fara kamo na gaba. Sun gwada ƙarfi a saman rufin asibiti, malaminsu ya raba su, bugun kowannensu ya sauka a kan tankin ruwa. Sasuke ya ga nasa ramin ya fi girma ya ji daɗi, sai da ya zagaya ya tarar bugun Naruto ya farke bayan tankin gaba ɗaya. Daga nan ci gaban abokinsa ya zame masa ciwo. Ya bar gari ya bi Orochimaru, wani mugun mutum da ya yi masa alkawarin ƙarfi alhali jikinsa yake so ya mallake. Dama an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Lura da kyau 'yar'uwa. Naruto yana kallon Sasuke ya ce a ransa sai na kamo shi. Sasuke yana kallon Naruto ya ce bai isa ya wuce ni ba. Na farkon kansa yake son ɗagawa, na biyun kuwa hankalinsa ba ya kwanciya sai ɗan'uwansa yana ƙasa. Tsakanin gasa da hassada ke nan.

To me ya kawo wannan bambanci, tunda dukansu marayu ne? Marubucin ya nuna cewa Naruto ma da ya lalace, ba don malami ɗaya ba. Iruka, wanda shi ma dodon nan ne ya kashe iyayensa, bai ɗora wa yaron laifin ba. Yakan yi masa faɗa idan ya yi ɓarna, sannan ya kai shi shago ya saya masa taliya mai romo, ya zauna ya saurare shi. Ranar da wani ya yaudari Naruto ya saci wata takardar sirri ta gari sannan ya nemi kashe shi, Iruka ne ya sa bayansa ya karɓi makamin. Mutum ɗaya da ya ga darajarsa ya isa ya juya akalar rayuwarsa.

Ciwon Sasuke kuwa ya samo asali tun iyayensa na raye. Mahaifinsa kullum Itachi yake yabo, ko da Sasuke ya kawo sakamako mai kyau, abin da zai ji shi ne ya yi ƙoƙari ya zama kamar yayansa. Mahaifiyarsa ce ta taɓa rarrashinsa, ta gaya masa cewa idan suka keɓe, zancensa uban ke yi. Amma yabon da ake yi a bayan idon yaro ba ya shiga kunnensa. Ya tashi yana auna kansa da wani, shi ya sa duk wanda ya wuce shi ya zama abokin gaba.

Sau nawa muke furta irin wannan a gidajenmu? "Dubi ƙanwarki ta fi ki ƙoƙari." "Ɗan ɗakin can ya zo na ɗaya, kai kana nan kana wasa." Niyyarmu zaburarwa ce, amma abin da yaro ke ji shi ne ba a son sa sai ya kayar da ɗan'uwansa. A gidan da ake da abokiyar zama abin ya fi tsanani, domin gasar manya takan gangaro kan yara, su gaji gabar da ba su san mafarinta ba. Gara ki auna yaro da jiyansa: bara yana ina, bana ya kai ina?

Ƙarshen labarin ma abin lura ne. Itachi ya mutu a faɗansa da Sasuke, daga baya Sasuke ya gano cewa manyan gari ne suka sa yayan nasa wannan aiki don hana juyin mulki, kuma saboda ƙauna ya bar shi da rai. Fansar ba ta sanyaya masa zuciya ba, sai ma ya juya fushinsa kan garin baki ɗaya. Jama'a suka yanke ƙauna da shi, Naruto ya ƙi, kamar mai bin karin maganar nan da ke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A karonsu na ƙarshe Naruto ya rasa hannun dama, Sasuke ya rasa na hagu, sannan Sasuke ya amsa cewa an fi shi, ya tafi yawon gyara ɓarnar da ya yi. Naruto ya zama shugaban gari na 7. An shirya, amma sai da kowa ya yi asarar da ba ta dawowa yadda take.

Wannan ba yana nufin ki sakar wa yara fim ɗin ba. Akwai faɗa da zubar jini, akwai siddabaru har da masu tayar da matattu su yi yaƙi, akwai kuma wani dattijon malami, Jiraiya, da aka mayar da leƙen mata abin dariya. Bai dace da ƙananan yara ba, manyan ma sai da ƙayyade lokaci da sa ido.

Idan kuwa ɗanki ya riga ya kalla, kada ki tsaya a ƙwace waya kawai. Zauna da shi ki tambaye shi wa ya fi so tsakanin su biyun, kuma me ya sa. Yaron da ya ce Sasuke ne gwaninsa saboda ba ya buƙatar kowa, ko wanda ya ce Naruto saboda shi ma ba a kula shi, ya buɗe miki abin da ke ransa, wanda da tambaya kai tsaye ba zai faɗa ba. Daga nan sai ki san inda za ki gyara, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa kawunansu, Ya ba mu ikon yin adalci a tsakaninsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.