Gidajen da Kamfanin Wuta Ke Biya: Yadda Ladan Sola Ke Aiki a Birtaniya

Duk bayan wata uku, dubban ɗaruruwan magidanta a Birtaniya kan leƙa wata ƙaramar mita da ke maƙale kusa da inbata, a ɗakin ajiya ko a ƙarƙashin rufi, su kwafi lambar da ke fuskarta su aika wa kamfanin wuta. Bayan 'yan makonni sai kuɗi su faɗo a asusunsu na banki. Mu da muka saba ganin ma'aikacin wuta da tsani da filaya ya zo yanke layi, wannan zance zai yi mana kama da almara. Amma tsari ne da doka ta kafa, ana kiransa FIT a taƙaice, kuma ma'anarsa ita ce farashin da aka yanka wa wutar da ɗan ƙasa ya samar da kansa.

Ba a Birtaniya aka haifi dabarar ba. Jamus ce ta raine ta har duniya ta gani. A shekarar 2000 majalisar ƙasar ta zartar da dokar makamashi mai sabuntawa, wadda 'yan majalisa biyu, Hermann Scheer da Hans-Josef Fell, suka tsaya mata tsayin daka. Dokar ta tilasta wa masu layukan wuta su karɓi duk abin da mai sola ya samar, su biya shi tsayayyen farashi har shekara 20. Da farko kuɗin ya kai kusan santi 50 na kuɗin Yuro a kan kowane yunit, wato ninkin-ba-ninkin abin da ake sayen wuta a kasuwa. Da gangan aka yi haka. A lokacin farantan sola suna da tsadar da sai mai hannu da shuni ko mai tsananin kishin muhalli ke iya saye. Aka yi lissafin cewa idan aka tabbatar wa mutum kuɗinsa za su dawo, zai saya. Idan masu saye suka yi yawa, masana'antu za su faɗaɗa, farashi ya sauko. Haka kuwa aka yi, musamman bayan masana'antun China sun shigo da ƙarfinsu.

Birtaniya ta bi sahu ranar 1 ga Afrilu, 2010, bisa dokar makamashi ta 2008. Tsarin ya shafi Ingila da Sikotilan da Wales, ban da Ireland ta Arewa, kuma hukumar Ofgem mai sa ido kan harkar gas da lantarki ce ke kula da shi. Ya haɗa da ƙananan injinan iska da na ruwa, amma kusan duk waɗanda suka yi rajista masu sola ne a kan rufin gida.

Mai gida yana cin riba ta hanya uku. Ta farko ita ce ladan samarwa: ana biyansa a kan kowane yunit da farantansa suka haifar, ko da shi da iyalinsa ne suka ƙone shi a firji da injin wanki. Wanda ya ɗora sola mai ƙarfin kilowat 4 ko ƙasa da haka a kan tsohon gida a 2010, an yanka masa kwabo 41.3 a yunit, kwabon Ingila da ɗari ke cika fam ɗaya. Shekara na zagayowa farashin ya hau zuwa 43.3, domin an ɗaure shi da ma'aunin hauhawar farashin kaya. Ta biyu ita ce ladan turawa, wato kuɗin rarar wutar da ta fita daga gidan ta shiga babban layi, wanda ya fara daga kwabo 3. Da yake yawancin gidaje ba su da mitar da ke auna abin da ya fita, sai aka yi sassauci: a ƙaddara cewa rabin abin da aka samar ya fita, a biya a kan haka. Ta uku kuwa ita ce ragin da mutum ke gani a takardar kuɗin wutarsa. Ga magidanci, ba a cire haraji a kan waɗannan kuɗi.

Bari mu buga misali. A ƙasa mai hazo da gajeren yini a hunturu kamar Ingila, sola mai kilowat 4 kan ba da wajen yunit 3,400 a shekara. A kan kwabo 43.3, ladan samarwa kaɗai ya kai wajen fam 1,470. Rabin wutar da aka ƙaddara ta fita ya ƙara wajen fam 50. Kayan da aikin ɗorawa a wancan lokaci sun haura fam dubu goma, amma alkawarin na shekara 25 ne. Ko ɗan koyo a lissafi ya san cinikin ya yi.

Sai dai farantan ba su ne ke jawo kuɗin ba, takardu ne. A lokacin da ake karɓar sababbin masu nema, mataki na farko shi ne tabbatar da cewa kayan da kuma mai ɗora su duk suna da shaidar MCS, tsarin tantance ƙananan na'urorin samar da wuta. Wanda ya kira wani mai gyaran wuta na unguwa don neman sauƙi, ya rasa ladan baki ɗaya, komai kyawun aikin. Bayan an kunna, mai ɗorawa zai yi rajistar aikin ya miƙa wa mai gida takardar shaida. Daga nan mai gida zai zaɓi kamfanin wutar da zai riƙa biyansa. Manyan kamfanoni dole ne su shiga tsarin, ƙanana kuwa ganin dama ne, kuma ba lallai ne mutum ya zaɓi kamfanin da yake sayen wuta a wurinsa ba. Zai cika fom, ya haɗa da shaidar MCS, da rasiɗin da ke nuna kayan nasa ne, da katin shaida, da shaidar adireshi, da lambar farko da mitar samarwa ta nuna. Daga Afrilun 2012 aka ƙara sharaɗi: gidan ya mallaki takardar EPC mai nuna yadda yake tattalin makamashi, a mataki na D ko sama. Gidan da zafi ke zurarewa ta bango da taga, ƙaramin farashi ake ba shi. Kamfani zai duba takardun, ya shigar da gidan cikin babban kundin Ofgem, ya aiko da yarjejeniya a sa hannu.

A cikin wannan duka, babu abin da ya kai kwanan wata muhimmanci. Lada ba ya fara ƙirguwa sai an kunna kayan kuma takardar nema ta isa hannun kamfani. Wanda ya ajiye fom a aljihun tebur wata biyu, wutar wata biyun nan ta tafi sadaka. Haka kuma farashin da mutum ya samu a farko shi zai bi shi har ƙarshen wa'adi, sai dai ƙarin da hauhawar farashi ke kawowa.

Abin da ya faru a ƙarshen 2011 ya isa shaida. Farashin faranti ya faɗi da sauri fiye da yadda gwamnati ta zata, jama'a suka yi rububi, kasafin tsarin ya fara yoyo. A ƙarshen Oktoba gwamnati ta ba da sanarwar rage ladan daga 43.3 zuwa 21, ga duk wanda bai kammala ba kafin 12 ga Disamba. Masu ɗora sola suka kwana a kan rufi cikin sanyi. Ƙungiyar Friends of the Earth da kamfanonin sola biyu, Solarcentury da HomeSun, suka garzaya kotu, suna cewa ranar da aka sa ta riga ranar rufe jin ra'ayin jama'a. Babbar kotu ta ba su gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraren gwamnati. Ragin bai fara aiki ba sai 3 ga Maris, 2012. A watan Agusta na shekarar aka sake saukar da shi zuwa 16, aka kuma rage wa'adi daga shekara 25 zuwa 20. A farkon 2016 ya koma kwabo 4.39. Shi ya sa a layi ɗaya za ka tarar da gidaje biyu masu faranti iri ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, amma ladan yunit na wannan ya ninka na wancan fiye da sau goma.

Bayan rajista ma da sauran aiki. Mai gida ne ke da alhakin aika lambar mita a kan lokaci; idan ya makara, kuɗinsa su jira zagaye na gaba. Duk shekara biyu dole a tantance mitar, ko dai wakilin kamfani ya zo ya gani da idonsa, ko a wasu lokuta a karɓi hoto, kuma wanda ya ƙi ba da dama ana iya dakatar da biyansa. Ƙara faranti, ko sauya mita, ko haɗa batir, duk sai an sanar da kamfani. Idan an sayar da gida, ladan yana bin mai farantan ne, don haka sai an cika takardar sauya mallaka kafin sabon mai gida ya fara karɓa. Nan ne wasu suka gane kurensu: a shekarun farko kamfanoni sun riƙa ɗora wa mutane sola kyauta, su karɓi hayar rufin na shekara 25. Mai gida ya sha wutar rana, kamfani ya kwashe ladan. Da aka zo sayar da irin waɗannan gidaje, wasu bankunan ba da rancen gida suka riƙa ja da baya saboda yarjejeniyar da ke kan rufin.

To, daga ina kuɗin ke fitowa? Ba daga baitulmali ba. Ofgem na tattara jimillar abin da aka biya, ta raba wa kamfanonin wuta gwargwadon kasonsu a kasuwa, su kuma su zuba shi cikin takardar kuɗin kowane mai amfani da wuta. Wannan shi ne babban sukan da aka yi wa tsarin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ya ci moriya shi ne mai gidan kansa da ke da fam dubu goma a ajiye, alhali ɗan haya a bene na bakwai, wanda ba shi da rufin kansa, yana cikin masu biya. Masu kare tsarin kuma suna cewa wannan tallafi ne ya sa farashin sola ya faɗo har ya zo hannun talaka a ko'ina, kuma kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya.

An rufe ƙofar sababbin masu nema ranar 31 ga Maris, 2019, bayan an yi rajistar na'urori fiye da 800,000. Waɗanda ke ciki suna nan suna karɓa. Masu solar da suka shiga tun 2010 za su gama a 2035, na ƙarshe wajen 2039. Daga 1 ga Janairu, 2020, wani tsari mai suna SEG ya maye gurbinsa. Babu ladan samarwa a cikinsa, sai kuɗin abin da ya fita kawai, kuma da mita mai aika lissafi da kanta ake aunawa, ba da ƙiyasi ba. Duk kamfanin da ke da kwastomomin gida 150,000 ko fiye dole ne ya yi tayi, amma shi ke yanka farashinsa, muddin ya haura sifili. Mai gida ya koma ɗan kasuwa mai zagaya rumfuna yana neman inda za a saya da daraja.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda faranti ɗaya ke ba da kusan ninki biyu na abin da yake bayarwa a Landan, zai iya tambayar me ya hana a biya shi. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta fitar da ƙa'idojin irin wannan farashi a Najeriya a 2015, amma manyan tashoshi aka nufa da su, ba rufin gida ba. Akwai kuma cikas na fasaha. Inbatar da ke tura wuta zuwa babban layi an ƙera ta ne ta kashe kanta da zarar layin ya mutu, don kada ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Inda wuta ke ɗaukewa rabin yini, babu inda rarar za ta shiga, shi ya sa solarmu ke tafiya da batir. Kafin a kai ga biyan mai rufi, sai an samu layi mai rai da tsakar rana, da mitar da ɓangarori biyu suka yarda da ita, da kamfanin da zai riƙe alkawarin shekara 20 ko gwamnati ta sauya. Sifaniya tana da rana fiye da Ingila nesa ba kusa ba, amma da ta zaftare ladan waɗanda suka riga suka zuba jari bayan rububin 2008, sai da ta shafe shekaru tana amsa ƙararraki, kasuwar solarta kuma ta daɗe ba ta farfaɗo ba.