Kuɗin Rumawa: Kada A Saya Sai An Auna

A watan Oktoba na 2020 aka yi gwanjon wani kuɗin zinariya a Landan, wanda Burutus ya sa aka buga shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa. An saye shi fiye da fam miliyan 3. Kuɗin na gaske ne, amma takardun asalinsa jabu, har a 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka.

Su masana da sikeli suke farawa. Dinarin azurfa na zamanin Sarki Agustus nauyinsa wajen giram 3.9 ne. Sa'an nan su duba bakinsa. Da guduma Rumawa suke buga dinari, saboda haka wanda aka ga layin haɗi a bakinsa, ko 'yan ramuka a fuskarsa, to, zubi ne, aikin 'yan damfara.